Na Je Brazil Ban Taka Ƙasarta Ba

Sai da muka sauka Addis Ababa na san cewa gabas jirginmu ya yi, ba yamma ba.

Sunana Mu'azu, mahauci ɗan mahauci, daga Runjin Sambo cikin garin Sakkwato. Bokona bai wuce firamare ba, amma na san inda rana take faɗuwa. Alhaji Garba, ejan ɗin da ya yi mana hanya, da yatsansa ya nuna mini a waya: ga Najeriya, ga teku, ga Brazil a yamma, ga wani jan layi miƙaƙƙe ya haɗa su. Ya ce kamfanonin kaji na can suna neman Musulmi masu yanka da bismilla, saboda naman da suke sayar wa Larabawa.

"Awa takwas na kacal," in ji shi. "Wanda yat tashi Sakkwato da mota, kana Brazil shi bai kai Abuja ba."

Wannan maganar na ɗauka na kai wa Inna, mahaifiyata. Ta riga ta binne ɗa guda, ba ta son wanda ya rage ya yi nisa. Da ta ji awa takwas sai ta ce a sayar da filinta na Dundaye a yi mini kuɗin hanya.

Mu biyu Alhaji ya haɗa a tafiyar. Ɗayan Faruku ne, ɗan unguwar Arkilla, wanda ya gama jami'a, mahaifinsa tsohon ma'aikacin gwamnati. Tun da na ga tafin hannunsa na san ko tantabara bai taɓa yankawa ba, amma na ce ba ruwana, kowa da abin da ya fitar da shi gida. A Addis, da na ga an ce mu sauka kuma mutanen wurin baƙaƙe ne irinmu, sai na tambaye shi ko mun iso.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai da gaske kaka yi? Habasha muke. Babu jirgin da ka tashi daga ƙasarmu kai tsaye zuwa can."

Ya buɗe wayarsa ya nuna mini, ba don tausayi ba, don dai in ga iyakar jahilcina. Jan layin Alhaji gaskiya ne, kilomita dubu shida da wani abu daga Legas zuwa Sao Paulo, sai dai a lokacin babu jirgin fasinja da ke bin sa. Mu mun yi wajen awa biyar muna ba wa Brazil baya. Gobe kuma za mu juyo, mu keta Afirka daga gefe zuwa gefe, mu haye teku, kusan kilomita dubu goma, wajen awa goma sha biyu a sama ba sauka.

"To mi yas sa Alhaji bai hwaɗi haka ba?"

"Da ya hwaɗi, da ka biya?" Ya yi dariya. "Kuma don Allah ɗan matsa can. Ƙarnin jini nika ji."

Sabuwar shadda ce a jikina, wadda matata ta wanke ta goge ta turara. Na matsa. An kwashi wasu fasinjoji an kai su masauki, mu aka ce irin tikitinmu ba ya ciki. A kan kujerun ƙarfe muka jira gari ya waye, cikin wani sanyi mai shiga ƙashi, shi a wancan gefe ni a wannan.

Da hantsi muka shiga babban jirgin. Kujerata a tsakiya take, Faruku a taga, a ɗaya gefen wani ƙaton Bature. Tun kafin a tashi ya kafa gwiwar hannunsa a kan maɗorin da ke tsakaninmu. Da ya ga ina salla a zaune sai ya kira ma'aikaciyar jirgi, suka yi magana yana nuna ni da haɓa. Ba a samu wata kujera ba, ya juya mini ƙeya har muka sauka. Aka kawo abinci, kaza a cikin miya. Ni da na tashi cikin nama ban iya cin wanda ban san hannun da ya yanka shi ba, don haka burodi na ci na kora da ruwa.

A bayan kujerar da ke gabana akwai ɗan allo mai hoton jirgi yana rarrafe a kan taswira. Kallonsa azaba ce. Ka rufe ido ka yi tasbihi har ka gaji, ka buɗe, ka tarar ko faɗin farce bai gusa ba. Can bayan mun daɗe, ƙasa ta ƙare muka hau kan ruwa, sai Faruku ya ƙwanƙwasa allon da yatsa. Hoton jirgin ya zo daidai saitin Najeriya, tana can sama a hannun dama.

"Ga gidanku can," in ji shi. "Tun jiya muka tahiya, yanzu munka zo daidai inda munka taso."

Rana kuma ta ƙi tafiya. Agogona na Sakkwato ya ce magariba ta yi, a taga kuwa ko la'asar ba ta kai ba. Na rasa wanda zan bi, agogo ko ido. Na yi sallolina yadda na iya, na ce Allah ya san halin matafiyi.

A tsakiyar teku iska ta kama jirgin. Ya riƙa faɗawa kamar an sake shi, kofuna suna zuba, wata mata tana kururuwa a baya. Sai na ji an damƙe mini hannu. Faruku ne, idonsa a rufe, ya riƙe hannun nan mai ƙarnin jini har faratansa suka shiga fatata. Na riƙa karanta masa addu'a a kunne har abin ya lafa. Da ya dawo hayyacinsa sai ya ji kunya, ya sassauta murya, ya tambaye ni abin da ya raba ni da gida.

Awa goma sha biyu tana da yawa ga mutumin da ke ɗauke da abu a ciki. Na ba shi labarin yayana Lawali. Shi ke zuwa kasuwannin ƙauye ya sayo shanu, ni in yanka in sayar. Ranar wata kasuwa a gabashin Sakkwato 'yan bindiga suka tare motarsu a hanyar dawowa, suka shiga daji da shi. Da wayarsa suka kira mu. Muna cikin haɗa abin da suka nema aka aiko cewa masu itace sun ga gawa a gindin wani kalgo. Ni na je na gane shi, ta wani yatsa da wuƙa ta taɓa guntule masa muna yara. Ni na yi masa wanka. Ya bar mini mata da 'ya'ya, ga nawa, ga Inna, ga hanyar sayo shanu ta rufe.

Faruku ya saurara da kyau. Ya tambayi sunan ƙauyen, ya tambayi ranar da kasuwar ke ci, da wane hannu ne yatsan yake. Na amsa masa duka. A raina na ce ashe yaron yana da zuciya.

Da muka sauka Sao Paulo ƙafafuna sun kumbura, takalmi ya ƙi shiga, sai take bayansa na yi ina ja. Tun a gida Alhaji ya ce mini idan an isa in bar Faruku ya yi magana, amma a wurin duba fasfo ɗaya bayan ɗaya ake kira. Wata jami'a ta tambaye ni abin da ya kawo ni. Da ɗan Turancin da nake da shi na ce aiki, aikin kaji. Ba ta gane ba. Sai na ɗaga yatsa na ja shi a maƙogwarona, yadda kowa a mayanka zai gane yanka ake nufi.

Fuskarta ta canza. Kafin in sauke hannu maza biyu sun tsaya a bayana. Aka tambaya da wa nake tafe, na nuna Faruku, wanda yake tagar kusa ana shirin buga masa hatimi. Aka haɗa mu aka shigar da mu ciki. Da wata waya mai fassara suka gaya mini bizar da ke cikin fasfona ta yawon buɗe ido ce, ba ta aiki ba. Aka ɗauko jakata aka zazzage. Ga wuƙaƙen mahaifina a naɗe cikin jar fata, har da dutsen wasa su. Jami'an suka dubi juna. Ɗan yawon buɗe ido ba ya tafe da irin waɗannan.

Aka kai mu wani lungu na filin jirgin da aka killace, inda ake ajiye waɗanda ba a bari su shiga ƙasa ba. Ƙofa na rufuwa Faruku ya juyo kaina.

"Jahili! Ɗan mahauta! Wa yac ce ka buɗe baki? Saura kaɗan in wuce!"

"Gaskiya na hwaɗa musu. Ba aikin kaji munka zo ba?"

"Wane kaji? Kai kaɗai ka yarda da zancen kaji! Kowa yawon buɗe ido shika cewa, in ya hita ya kama hanyar Amurka ta ƙasa. Alhaji ya ga kana da hili, yas sayar maka da labarin da kaka son ji."

Na samu wanda ya haɗa mini waya da intanet ɗin wurin, na kira Alhaji Garba. Ya ɗauka. Ban gama bayani ba ya katse ni.

"Na kai ka Brazil ko ban kai ka ba? Bakinka yaj ja maka, ba ni ba."

Daga ranar lambarsa ba ta sake shiga ba.

Mun fi mako a wurin. Fitila ba ta mutuwa, sanyin na'ura ba ya tsayawa. Mutane sun cika ko'ina, 'yan Indiya, 'yan Nepal, Somalawa, 'yan Kamaru, kowa da ƙabilarsa da kusurwarsa. A kan wurin cajin waya ake dambe, a kan kwalin shimfiɗa ake zagi. Na je alwala na dawo na tarar an ɗauke bargon da aka ba ni, na ga wanda ya lulluɓa da shi, ya zuba mini ido har na kau da kai. Akwai wani bango na gilashi, ta cikinsa ana hango tsaunuka kore shar da motoci suna wucewa. Kanawa kan ce ganin Dala ba shiga birni ba ne. A gindin gilashin nan na fahimci maganar.

Mutum ɗaya ce ta dube ni a matsayin ɗan Adam, wata dattijuwa mai goge ƙasa. Kullum sai ta yi mini alama in ɗaga ƙafa ta goge ƙarƙashin kujera. Rannan ta tsaya ta dubi ƙafafun, sun yi suntum har suna ƙyalli, ta girgiza kai. Washegari ta zaro silifa daga cikin jakarta, tsohuwa amma wankakkiya, ta ajiye a gabana. Ta yi wata magana da harshensu, ta dafa kafaɗata, ta ci gaba da aikinta. Har yau ban san sunanta ba.

A cikinmu akwai Malam Isa, Bahaushen Kumasi ta ƙasar Ghana, wanda ya riga mu zuwa kuma ya san kan wurin. Shi ya zaunar da ni ya ce ƙofa biyu ce. Ko ka nemi mafaka, ka ce ana neman ranka a ƙasarku, su ba ka takarda ka fita. Ko kuma su mayar da kai cikin jirgin da ya kawo ka.

"Amma ka sani," in ji shi, "mai neman mafaka ba ya zuwa gida ganin dangi. Sai an gama duba maganarka, kuma abin yakan ɗauki shekaru. In ka koma, ka ƙaryata kanka. Sannan sai kana da labari. Kana da shi?"

Na ce zan yi tunani.

Da la'asar ɗin ranar na dawo daga banɗaki, sai na ji muryar Faruku a bayan wani ginshiƙi, yana gwada wa Malam Isa abin da zai faɗa wa jami'ai. Muryarsa tana rawa kamar mai shirin kuka.

"Yayana Lawali, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na je na gane shi gindin kalgo, ta wani yatsa da wuƙa ta guntule mai muna yara. Ni na yi mai wanka da hannuna. Yanzu ni suka nema."

Na zagayo na tsaya a gabansa. Bai ko sunkuyar da kai ba.

"Kai ba ka amfani da shi," in ji shi. "Kai kaj jefa ni cikin wanga hali, kai za ka hid da ni. Mi zai rage maka? Matacce ba shi jin komi."

Hannun da ya saba kayar da bijimi bai ji nauyin Faruku ba. Na cakumi wuyan rigarsa na ɗaga shi har ƙafafunsa suka bar ƙasa, na manna shi da ginshiƙin. Ban doke shi ba, Allah shaida, ko da yake na so. Masu tsaro suka rugo, suka danne ni a ƙasa, gwiwar ɗaya a gadon bayana, suka ɗaure mini hannu da wata igiyar roba. Daga ranar aka ware ni a gefe da mai gadi a kaina. Ni ne mai wuƙaƙe, ni ne mai nuna yanka, yanzu kuma ni ne mai duka. Faruku kuwa ya samu ƙarin shaida cewa ana zaluntarsa.

A wannan keɓewar na samu na kira wayar matata, ta miƙa wa Inna. Ban gaya mata inda nake kwana ba. Ta tambaya ko ina cin abinci, ta ce ƙafarta ta ɗan motsa amma da sauƙi. Sannan ta ce:

"Ai hankalina kwance shike. In jikin ya matsa, a kira ka da sahe, ka iso da marece, ko ba haka ba?"

Na ce, "Haka na, Inna." Na kashe wayar na daɗe ina kallon silifar da ke ƙafata. Na riga na auna hanyar da jikina. Ko da fasfo a hannu da kuɗi a aljihu, kafin in iso an daɗe da dawowa daga maƙabarta. Da takardar mafaka kuwa ko tasowar ma babu.

Da aka kira ni, jami'in ya tambaya ta wayar fassara ko akwai mai neman raina a ƙasarmu. Na ce an kashe mini ɗan'uwa, amma ni babu mai bi na, kuma mahaifiyata tana can. Ya sake tambaya, a hankali, kamar mai ba ni dama. Na maimaita. Ya ɗaga kafaɗa ya rubuta.

Faruku ya riga ni barin wurin. Ya zo wucewa da takardarsa a hannu da jakarsa a baya, ya rage tafiya daidai inda nake.

"A gai da mutanen mayanka," in ji shi.

Komowa ta fi zuwa ɗaci. An raka ni har ƙofar jirgi, aka ba ma'aikatan fasfona cikin ambulan, aka zaunar da ni a layin ƙarshe kusa da banɗaki, fasinjoji suna waiwaye suna jan jakunkunansu jiki. Na kashe ɗan allon taswirar don kada in gani. Wannan karon rana gudu ta yi, yini ya gajarce kamar an datse shi, amma awoyin suna nan yadda suke, ko ɗaya ba ta ragu ba. A Addis na gane kujerar ƙarfen da na zauna a kai da zuwa. A Abuja wani jami'i ya karɓi ambulan ɗin, ya dube ni ya ce, "Ƙwaya ce ko damfara?" Aka tsare ni ana tambayoyi har suka gaji. Jakata ba ta iso ba, kuma ba ta taɓa isowa ba. Wuƙaƙen da mahaifina ya yi shekaru yana aiki da su suna can wata ƙasa da ban taka ba.

Da keke ya sauke ni ƙofar gida, yara suka ruga ciki suna ihu. Inna ta fito tana dafa bango. Ta dube ni daga kai har silifa. Ba ta yi zancen fili ba, ranar ko bayanta. Abin da ta ce kawai: "Alhamdu lillahi. Wanga dai da ƙahwarshi yad dawo."

Ofishin Alhaji Garba na tarar an mayar da shi shagon sayar da katin waya, an ce ya koma wani gari. A mayanka aka laƙaba mini Na-Brazil. Na koma aiki a ƙarƙashin mutanen da a da ni ke ba su nama bashi, da wuƙar aro. Duk wanda ya tambayi yadda Brazil take, nakan ce akwai sanyi kuma fitilarsu ba ta mutuwa.

Bayan an sha ruwan damina, wata rana ina kan teburin nama a kasuwa, wani dattijo mai farar riga da tabarau ya tsaya ya yi sallama. Ya tambaya ko ni ne Mu'azu. Ya ce shi ne mahaifin Faruku, daga Arkilla ya zo, ya sha tambaya kafin ya same ni. Na ba shi benci, na tambayi lafiyar ɗansa. Ya ce yana can Sao Paulo, bai samu wucewa Amurka ba, yana dako a wata kasuwa, kuma an sa masa ranar ganawa da jami'ai kan takardunsa na mafaka.

"Shi yat turo ni," in ji dattijon. "Ya ce akwai wani hoto wurinka da shika bukata, na wani Lawali, da takardar asibiti in akwai. Ya ce in na hwaɗi haka za ka gane. Ni ban san ko wane ne ba. Ko abokinku na?"

Na ajiye wuƙa. Na goge hannuna da tsumma na daɗe ina gogewa. Mutumin ya girmi Inna, kuma a fuskarsa na ga da gaske bai sani ba.

"Baba, ɗiya maza nawa gare ka?"

"Faruku shi kaɗai na. Sauran mata."

"To can ya ce yana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda 'yan bindiga sunka kashe. Lawali yayana na, Baba. Ni na wanke shi. Ga marayunshi can gida."

Dattijon ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya dubi ƙasa. Masu saye suka zo suka tsaya, na ce su ɗan jira. Can ya ɗago.

"Ka yi haƙuri, ɗana. Amma in ba a samu hoton ba, ya ce suna iya koro shi."

"Suna iyawa," na ce. "Hanyar tana da tsawo, amma ana dawowa. Ga ni."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya miƙe da ƙyar, ya mayar da tabarau, har ya juya zai tafi sai ya tsaya. Ya ɗaga hannuwansa biyu a nan tsakiyar kasuwa, cikin ƙuda da hayaniyar masu ciniki, ya yi wa Lawali addu'a da sunansa, doguwa. Na ce amin, mahautan da ke kusa suka ce amin. Ya shafa, ya tafi yana neman keke.

Hoton ban bayar ba.